Hawainiya a Cikin Robar Ruwa

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina. Ma'aikata sun fito cin abincin rana, ni kuma ina zaune a rumfar wata mai shinkafa da wake daura da ƙofar wani kamfanin robobi a Sharaɗa da ke Kano. Sai ga wani yaro da bai wuce shekara 12 ba, riƙe da robar ruwa mai cin lita ɗaya da rabi, an huda murfinta da ƙusa. A ciki akwai ganyen darbejiya da ya fara yaushi, da wasu halittu uku kore shar, kowace ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. 'Ya'yan hawainiya ne. Ɗaya ta haye bayan 'yar'uwarta, ta uku kuma sai laluben jikin robar take yi tana zamewa, don babu abin kamawa.

Na ce, "Kai yaro, ina ka samo waɗannan?"

Ya ce, "A lambu, Baba, can bakin Challawa. Da daddare muke kama su da tocila."

Wanda ke zaune kusa da ni, wani makanikin injina da muka saba haɗuwa a rumfar, ya ajiye cokali ya karɓi robar yana jujjuyawa. Ya ce ɗansa na son dabbobi, ya tambayi yaron me take ci. Yaron ya ce, "Komai ma tana ci, Yallaɓai. Ganye ya ishe ta. Wasu ma sun ce iska take sha." Aka yi cinikin guda ɗaya da kuɗin da bai kai na kwanon abincin da ke gabanmu ba.

Bayan mako biyu muka sake haɗuwa. Kafin in tambaya ya ce, "Malam, abin nan fa ta mutu. Wallahi ban gaza ba. Na yanka mata latas, na zuba mata ruwa a murfin kwalba, na ajiye ta a falo inda rana ba ta dukanta." Gaskiya ya faɗa, bai gaza a niyya ba. Sai dai abubuwa ukun da ya lissafa a matsayin kulawa, su ne suka kashe ta. Kuma abin da ya faru a falonsa shi ke faruwa kullum a manyan kantunan sayar da dabbobi na Amurka da Turai, inda ake jera 'ya'yan hawainiya a akwatunan gilashi cikin sanyin na'ura. Bambancin roba da gilashi a farashi ne kawai.

Halitta ce ta kan reshe

Ba za a gane dalilin mutuwar ba sai an san yadda Allah ya ƙera dabbar. Masana sun ƙidaya nau'in hawainiya fiye da 200. Kusan rabinsu a tsibirin Madagaska kaɗai ake samunsu, galibin sauran kuma a nahiyar Afirka, sai kaɗan a Yaman, Saudiyya, Indiya da kudancin Turai. Wadda manomanmu ke cin karo da ita a jikin rama ko a shingen lalle takan kasance nau'in da masana ke kira Chamaeleo africanus, mazauniyar yankin Sahel, ko kuma 'yar'uwarta Chamaeleo senegalensis.

Duba ƙafarta. Yatsu biyar ne, amma an haɗe su gida biyu, biyu a gefe guda uku a ɗaya gefen, tamkar awartakin maƙeri. Ƙafar riƙe reshe ce, ba ta takawa a kan suminti ko santsin roba ba. Wutsiyarta ma hannu ce ta biyar, tana naɗe reshe da ita. Idanunta kowanne na juyawa inda ya ga dama, ɗaya na duban gaba ɗaya na duban baya, sai ta hango ƙwaro sannan ta haɗa su wuri guda ta auna nisa. Daga nan ta harba harshe, wanda a wasu nau'o'in yakan kai ninki biyu na tsawon jikinta, ya manne wa ƙwaron ya dawo da shi kafin ƙiftawar ido. Duk wannan tsari a kan motsi aka gina shi. Abin da ba ya motsi, a wurin hawainiya ba abinci ba ne. Shi ya sa wanda ya ajiye mata shinkafa ko mataccen ƙuda zai ga ba ta ko kalla ba, ya ɗauka ba ta jin yunwa. Ba yaron Sharaɗa kaɗai ya yi wannan kuskure ba. Turawa ma sun shafe ɗaruruwan shekaru suna rubutawa a littattafansu cewa iska ce abincin hawainiya.

Sai batun rikiɗa, wanda ya sa sunanta ya shiga bakin kowa. Muna cewa wane hawainiya ne idan yana sauya fuska gwargwadon wanda yake tare da shi, don mun ɗauka tana kwaikwayon launin duk abin da ta hau. Ba haka abin yake ba. Launinta na asali ya riga ya dace da ganye. Sauyin da take yi ya danganta ne da zafi ko sanyi, da halin da take ciki, da saƙon da take aika wa 'yan'uwanta. Da sassafe takan yi duhu don jikinta ya zuƙi zafin rana. Idan rana ta take sai ta yi haske. Namiji idan ya ga abokin hamayya ko mace yakan fito da launuka masu ƙyalli. A 2015 masu bincike a Jami'ar Geneva da ke Suwizalan suka bayyana yadda abin ke faruwa: a cikin fatarta akwai wasu ƙwayoyi masu kama da garin gilashi, a jere reras, idan ta saki fatar ko ta ɗame ta sai tazarar da ke tsakaninsu ta sauya, hasken da suke mayarwa ga ido shi ma ya sauya launi.

Wannan ilimi yana da amfani ga mai saye, don launi shi ne bakin da hawainiya ke magana da shi. Wadda ta yi baƙi-baƙi ta zauna a haka wuni guda, kuka take yi. Da daddare kuwa, idan ta yi barci a ƙarshen reshe, takan yi fari fat, shi ya sa tocila ke tona mata asiri cikin sauƙi. Yaran lambu sun san wannan ba tare da sun karanta a littafi ba.

Abu huɗu da ba sa shiga roba

Na farko rana. Hawainiya ba ta da zafin jiki na kanta kamar mutum ko akuya. Daga waje take aro shi. Sai ta sha hantsi jikinta ya ɗumama kafin cikinta ya iya narkar da abinci, idan zafi ya yi yawa kuma ta koma inuwa. Tana buƙatar duka biyun a kusa da juna, ta riƙa kai da komo yadda ta ga dama. A cikin roba ba ta da zaɓi. A falo sanyi ya hana ta narkar da abinci, a tsakar gida kuma, a watan Afrilu da zafin Kano kan haura digiri 40, rufaffiyar roba tanda ce.

Bayan ɗumi, akwai wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UVB. Idan ya daki fata sai jiki ya haɗa bitamin D, wanda shi ke buɗe wa sinadarin kalsiyam hanya daga hanji zuwa ƙashi. Gilashin taga yana tare mafi yawan wannan haske, don haka ajiye keji a bayan taga bai wadatar ba. Ɗan hawainiya yana girma da sauri ƙwarai, wasu nau'o'in sukan balaga cikin wata shida, ƙashinsa na neman kalsiyam kullum. Idan bai samu ba sai jiki ya koma yana kwashe na cikin ƙashin da ake da shi. Ƙafafu su lanƙwashe kamar na yaron da ya yi bakan ƙafa, muƙamuƙi ya yi laushi, harshe ya kasa harbawa, ya riƙa faɗowa daga reshe yana karyewa. Wannan ciwon ƙashi yana cikin cututtukan da likitocin dabbobi suka fi gani a jikin hawainiyar gida. A ƙasashen sanyi da kwan fitila na musamman ake maye gurbin rana, kuma ƙarfin kwan yana raguwa bayan wata shida zuwa shekara ko da yana ci gaba da haskawa. A nan kuwa, inda manyan kamfanonin Bompai da Sharaɗa kansu ke dogaro da janareta, wane gida ne zai tabbatar wa ƙadangare wutar awa 12 kowace rana?

Na biyu raɓa. Hawainiya ba ta saba shan ruwan da ke zaune a kwano ba. A daji ɗigon raɓa ko na ruwan sama take lasa daga jikin ganye, ƙyallinsa da gangarowarsa ne ke jan hankalinta. Tana iya mutuwa da ƙishirwa alhali ga ruwa a murfin kwalba a gabanta. Masu kiwonta na gaskiya fesa ruwa suke yi a kan ganye sau biyu ko uku a rana, ko su rataya gora mai ɗiga a hankali. Alamar ƙishirwa a idonta take: idon lafiyayyar hawainiya a cike yake kamar ƙwallo, na mai ƙishirwa kuwa ya faɗa ciki. Idan abin ya daɗe ƙoda ce ke lalacewa, kuma ba ta gyaruwa. Ɗan ƙarami ya fi babba saurin bushewa, don nauyinsa lokacin ƙyanƙyashewa bai fi na ƙwayar gyaɗa biyu ba. A lokacin hunturu, sa'ad da leɓen mutum ma ke tsagewa, kwana kaɗan ya isa. Sai dai kuma idan aka jiƙa rufaffen akwati aka hana iska ratsawa, danshi ya kwanta, ciwon huhu ya kama ta, a ga tana buɗe baki tana numfashi da ƙyar. Dalilin ke nan da ya sa masana ke fifita keji mai raga a kan akwatin gilashi.

Na uku ƙwari masu rai. Babbar hawainiya na cin fara, gyare, ƙuda, malam-buɗe-littafi da makamantansu. Jariri kuwa bakinsa ƙarami ne, sai ƙwaron da bai wuce faɗin tsakanin idanunsa ba, irin ƙananan ƙudajen da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro, kuma yana buƙatar su da yawa kowace rana. A Turai har kamfanoni ake da su masu kiwon gyare da ƙuda don sayar wa masu irin wannan dabba, ana barbaɗa musu garin kalsiyam kafin a zuba a keji. Wanda ya sayi ɗan hawainiya ya ɗauki nauyin kiwo biyu ke nan, na dabbar da na abincinta. Wadda ake samu a Yaman takan ɗan tsinki ganye jefi-jefi, amma ganye bai taɓa riƙe ran hawainiya ba.

Na huɗu kaɗaici. Bahaushe idan zai ja wa mutum kunne yakan ce hawainiyarka ta kiyayi ramata. Ita ma hawainiyar haka take gaya wa 'yar'uwarta. Ba dabbar garke ba ce. Kowace da bishiyarta, ba sa haɗuwa sai don barbara. Idan aka tara su wuri guda, mai ƙarfi kan mamaye wurin shan hantsi da abinci, raunana su koma ƙasa su yi duhu su daina ci. Taɓawa ma azaba ce a gare ta. A daji duk abin da ya kama ta daga sama shaho ne ko maciji. Hannun yaro mai son wasa da ita, a idonta, bai bambanta da faratan shaho ba. Ga shi kuma tsoro mai ɗorewa yana karya garkuwar jiki, tsutsar cikin da take ɗauke da ita tun daga daji ba tare da ta dame ta ba sai ta samu dama ta yi yawa.

Me ya sa ƙanana ake kaiwa kasuwa?

Amsar lissafi ce. A yawancin nau'o'i, macen hawainiya na haƙa rami ta zuba ƙwai, ta rufe, ta kama gabanta. Ba ta kwanci, ba ta reno. Nau'in Yaman, wadda ta fi kowace yawa a kantunan duniya, takan zuba ƙwai 30 zuwa 80 a lokaci guda, su yi wata shida zuwa tara kafin su ƙyanƙyashe. Mai kiwo sai ya wayi gari da bakuna hamsin masu neman ƙuda kullum, kuma nan da 'yan makonni kowanne zai buƙaci kejinsa. Kowace rana da suka ƙara a hannunsa asara ce. Mafita ita ce ya sallamar da su da wuri ga dillali, dillali ya rarraba wa kantuna. Masu kiwo na kirki sukan riƙe su sai sun kai wata uku, lokacin da raunanan ciki sun riga sun bayyana, masu ƙarfi kuma sun kama cin abinci sosai. Amma riƙewa kuɗi ne, kasuwa kuwa mai araha take bi.

Shi ma mai kanti ƙaramin ya fi masa. Ba ya cin wuri, ana iya zuba goma a akwati ɗaya, kuma shi ne ke sa yaro ya ja rigar uwarsa ya ce sai an saya masa. Ana sa wa dabbar farashi mai sauƙi, don riba tana cikin keji da fitila da magunguna, waɗanda kuɗinsu ya ninka nata. Mai saye da yawa yakan ɗauki dabbar ya bar kayan, ko a haɗa shi da kayan da ba su dace ba. Araha ba ta ado.

Babban abin da ke rufa wa wannan ciniki asiri shi ne hawainiya ba ta mutuwa da sauri. Dabba ce da ke ɓoye ciwo, don a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara ci. Wanda ya yi aiki a kamfanonin jima na Challawa zai gane misalin. Ɗanyar fata idan ba a zuba mata gishiri da wuri ba, takan fara ruɓewa daga ciki alhali gashinta na sheƙi. Mai duba fata a ƙofar kamfani ya san aikinsa, zai ja gashin ya ga yana tugewa, ya mayar wa dillali kayansa. Ɗan hawainiyar da ya yi mako uku babu rana babu raɓa shi ma ya lalace daga ciki yana tsaye a kan reshe kore shar. Amma mai sayensa ba gwani ba ne, bai san inda zai duba ba. Zai kai shi gida, ya mutu a hannunsa bayan kwana goma ko wata guda, ya ɗora wa kansa laifi ko ya ce ƙaddara ce. Mai sayarwa ya riga ya ci kuɗinsa. Wani lokaci ma mai sayen komawa yake yi ya sayi wani.

Daga lambu zuwa jirgin sama

Ba duk hawainiyar da ke kantunan Turai aka haifa a can ba. Kasuwa ce mai tsawon hanya, kuma Afirka ta Yamma na tsakiyarta. Yarjejeniyar CITES, wadda aka rattaba wa hannu a birnin Washington a 1973 ta fara aiki a 1975, ita ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Tun 1977 aka sa hawainiya a rukuni na biyu na yarjejeniyar, wato ana iya fitar da ita amma sai da takardar izini, kuma sai ƙasar ta nuna cewa kamun ba zai ƙarar da ita ba. Wani nazari da aka wallafa a 2004 a kan alƙaluman yarjejeniyar ya nuna cewa daga 1977 zuwa 2001 an yi cinikin hawainiya fiye da 800,000 tsakanin ƙasashe. Madagaska, Tanzaniya da Togo ne kan gaba wajen fitarwa, Amurka kuma ta sayi kusan kashi biyu cikin uku.

A Togo, Binin da Gana akwai wani tsari da ya tsaya tsakanin farauta da kiwo. Ana kamo mata masu ƙwai daga daji, a ajiye su su zuba, a ƙyanƙyashe, a fitar da 'ya'yan da sunan na gona ne. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa da wuya jami'in kwastan ya bambance wanda aka ƙyanƙyashe a gona da wanda aka tsinto da tocila daren jiya. Rashin gamsassun bayanai ya sa CITES ta ba da shawarar dakatar da cinikin wasu nau'o'i daga wasu ƙasashe. A 1995 ta taƙaita fitar da hawainiyar Madagaska, in ban da nau'i huɗu. A 2012 ta dakatar da cinikin Chamaeleo africanus daga Jamhuriyar Nijar, wato ainihin hawainiyar da ake gani a gonakin Maraɗi da Katsina. A 2016 irin wannan mataki ya hau kan Binin da Gana.

Abin da ke faruwa a hanya kuwa, labarai biyu sun isa misali. A Janairun 2014, a filin jirgin sama na O. R. Tambo da ke Johannesburg, aka buɗe wasu akwatuna biyu da suka taso daga Madagaska za su Amurka, jirginsu ya makara. Dabbobi kusan 1,600 ne a cunkushe a ciki, hawainiya da tsaka da kwaɗi, kimanin 400 sun riga sun mutu. A Janairun 2021 kuma jami'an kwastan a filin jirgin Vienna suka kama wani mutum da hawainiya 74 daga Tanzaniya, ya cusa su cikin safa da robobin askirim. Waɗanda suka rayu aka kai su gidan zu na Schönbrunn. Robar askirim a Vienna da robar ruwa a Sharaɗa, duk kanwar ja ce.

Ina muka tsaya a Kano?

Kano ta daɗe da sanin cinikin dabbobi masu jan ciki, amma ta fuskar fata: mesa, guza da kada sun shiga hannun majema da dukawa tun kaka da kakanni. Hawainiya ba ta da fatar da za a jeme, kasuwarta a da ta tsaya ne a wurin masu kayan maganin gargajiya, waɗanda kan ajiye busasshiya a cikin tarkacensu. Sabon abu shi ne sayenta da rai don sha'awa. Kiwon ado yana bunƙasa a birni. Bayan tantabaru da aku da kanari da muka gada, yanzu ana tallar kyanwar waje, zomaye da kunkuru a Facebook, Instagram da WhatsApp. Duk inda irin wannan kasuwa ta buɗe, baƙin dabbobi na biyo baya, kuma yaran da ke zaune kusa da lambunan Challawa sun fara gane cewa abin da ke barci a kan reshe kuɗi ne.

Ita kuwa hawainiyar tana da isassun matsaloli tun kafin tocila. Gonakin da ke kewaye da Sharaɗa da Challawa gine-gine na cinye su. Maganin ƙwari da ake fesawa a lambu yana kashe abincinta. Wasu kuma da sun gan ta sai jifa, don an tsorata su da ita tun suna yara, alhali ba ta da dafi ko kaɗan, kuma aikin da take yi wa manomi na cinye fara da tsutsa kyauta ne.

Ta fuskar doka, Najeriya na cikin CITES tun farkon fara aikinta. Akwai dokar kare dabbobin da ke fuskantar barazana ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka tsananta tara, akwai kuma hukumar NESREA da aka kafa a 2007 mai alhakin tabbatar da bin ta. Ƙasar ta taɓa ɗanɗana dakatarwa daga cinikin namun daji daga 2005 zuwa 2011 saboda sakaci wajen aiwatarwa. Amma waɗannan dokoki sun fi karkata ga abin da ke ƙetare iyaka. A Ingila, ƙarƙashin dokokin 2018, mai sayar da dabbobin gida sai ya samu lasisi daga ƙaramar hukuma, a zo a duba wurinsa, ya ba mai saye bayanin yadda ake kula da dabbar, kuma ba ya sayar wa yaron da bai kai shekara 16 ba. Irin wannan tsari ne ya kamata hukumomin lafiyar dabbobi na jiha su fara tunani a kai tun kasuwar tana ƙarama, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma lafiyar mutanen gida. Dabbobi masu jan ciki sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, ta fita ta kashi, ta hau hannun yaro, ta sa shi gudawa da zazzaɓi. Ƙananan yara sun fi shiga haɗari. Saboda wannan ne Amurka ta haramta sayar da ƙananan kunkuru da ba su kai inci huɗu ba tun 1975.

Addininmu ma bai bar batun a buɗe ba. Malamai sun kafa hujja da labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, cewa ajiye dabba don sha'awa ya halatta. Amma sun haɗa shi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Sharaɗin a fili yake: wanda ya tsare rai, ciyarwa da shayarwa sun hau kansa. Kyanwa kowa ya san abin da take ci. Hawainiya fa? Wanda bai san yadda take shan ruwa ba, ta yaya zai sauke wannan nauyi?

Ga mai niyyar saye

Idan har mutum ya ƙudurta sai ya yi kiwonta, to ya shirya wurin kafin dabbar ta zo: keji mai raga, dogo, da tsiro mai rai a ciki, a inda hantsi ke shiga kai tsaye kuma akwai inuwar gudu, da hanyar samun ƙwari kullum daga wurin da ba a yi feshi ba. Guda ɗaya a keji ɗaya. Kada ya karɓi wadda ba ta kai wata uku ba. Ya duba idonta, a buɗe yake da rana kuma a cike? Ya sa mata yatsa, riƙonta da ƙarfi? Ƙafafunta a miƙe suke? Ya nemi a ba ta ƙwaro ta harba a gabansa. Mai sayarwar da ya ce ganye ya ishe ta, ko dai bai sani ba ko yana ɓoyewa, ko wanne ne ba abokin ciniki ba ne.

Kada kuma tausayi ya ruɗe ka ka saya don ka cece ta. Kuɗin da ka bayar yau shi zai mayar da yaron lambu gobe da daddare. Idan ta riga ta shigo hannunka kuma ka tabbata ta yankinmu ce, mayar da ita kan bishiya mai ganye kusa da inda aka kamo ta, da yamma ko da sassafe. Ba ta buƙatar uwa, ba ta buƙatar koyarwa. Tun ranar da ta fasa ƙwai ta san yadda ake harba harshe.

Makanikin nan, da na yi masa wannan bayani, ya yi shiru, sannan ya ce da ya sani da bai karɓa ba. Yanzu idan ɗansa ya matsa, lambun surukinsa yake kai shi ranar Lahadi, su nemi hawainiya a jikin gwaiba su tsaya daga nesa su kalle ta tana farauta. Mai karatu, idan yaro ya tare ka da robar ruwa a ƙofar kamfani ko a bakin danja, ka gaya masa abin da dabbar ke ci da yadda take sha, ka roƙe shi ya mayar da ita, amma kada ka sa hannu a aljihu.